Manhajojin Gyaran Hoto: Zaɓensu da Aiki da Su

Manhajar gyaran hoto ita ce wadda ake sa wa waya ko kwamfuta domin datse hoto, ƙara masa haske, daidaita launinsa, rage nauyinsa ko yin rubutu a kansa. A Abuja amfaninta bai tsaya ga masu ɗaukar hoton biki ba. Ɗalibi mai cike fom a intanet, da 'yar kasuwar Wuse mai tallar atamfa a WhatsApp, da magidancin da zai raba katin ɗaurin aure, duk suna buƙatarta. Aikin da ke gaban mutum shi ya kamata ya yi masa jagora wajen zaɓi, ba sunan da manhaja ta yi ba.

Manhajojin sun kasu gida uku. Na farko su ne na ƙananan gyare-gyare a waya. Wayar zamani takan zo da nata abin gyaran, wanda ya wadatar wajen datse gefe da miƙar da hoton da ya karkace. Mai son ƙari yana iya sauke Snapseed, wadda Google ya mallaka tun 2012. Kyauta ce, kuma tana aiki ko babu data.

Na biyu su ne na tsara kati da fosta. Fitacciya a nan ita ce Canva, da aka ƙaddamar a 2013 daga Ostireliya. Tana da shiryayyun samfura, sai dai tana son intanet, wasu samfuran kuma sai an biya. Mai rubuta Hausa ya fara gwada salon harafin da ya zaɓa, domin ba kowanne ne ke fitar da ɓ, ɗ da ƙ ba.

Na uku su ne na ƙwararru a kwamfuta. Photoshop na kamfanin Adobe ta fito a 1990, kuma tun 2013 sababbin fitowarta sai da biyan kuɗi duk wata ko duk shekara. GIMP tana yin kaso mai yawa na wannan aiki kyauta. Masu buga kati da kalanda kuwa sun fi sabawa da CorelDRAW.

Ƙarfin na'ura ma abin dubawa ne. Mai sayen waya a Banex Plaza da ke Wuse 2 ya tambayi girman ma'ajiyarta, domin manhaja mai nauyi takan daskarar da ƙaramar waya. A sauke manhaja daga Play Store, App Store ko shafin kamfaninta kawai. Kwafin sata yakan zo da cutar da ke kwashe bayanan mutum.

Wajen aiki, a fara da ajiye asalin hoton, a yi gyara a kan kwafi. Sai datsewa, sannan haske, sannan launi, a ƙare da rage nauyi idan fom ya ƙayyade yawan kilobait. Hoton JPEG yana rasa kyau duk lokacin da aka gyara aka sake adana shi, PNG kuma ya fi dacewa da tambari da rubutu. Hoton da za a wanke yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato mai inci 4 da 6 ya kai ɗigo 1200 da 1800. WhatsApp yana matse hoto, saboda haka a tura wa mai wankewa a matsayin fayil.

Gyara yana da iyaka. Wadda ta ƙara wa leshi launin da ba nasa ba za ta sha ƙorafi ranar da kaya suka isa hannun mai saye. Hoton fasfo ba a sa masa filta, ba a sauya masa hasken fata, domin amfaninsa shi ne a gane mai shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gyara tsohon hoto sukan ƙaga kamannin da babu su, da yawansu kuma sai sun tura hoton zuwa rumbun kamfaninsu. Don haka a karanta izinin da manhaja ke nema kafin a ba ta hotunan iyali, kuma kada a gyara ko a yaɗa hoton wani sai da yardarsa.