Likita a Cikin Waya: Wace Mai Zafin Fitsari Zai Iya Yi wa Magani?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin zai taɓo lalurar da ake jin nauyin faɗa ko a gaban likita, wato ciwon mafitsara.

Wadda ta taɓa yi ta san shi. Fitsari ya matsa ki, ki je bayi ki yi ɗan kaɗan da raɗaɗi, kafin ki zauna ya sake matsowa, mara kuma ta ɗaure. Kusan rabin mata sai sun gamu da wannan ko sau ɗaya a rayuwa. Dalilin a halitta yake. Bututun fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai wajen 20. Ƙwayar cutar da ta fi jawo shi, E. coli, a hanjinmu take zaune, tafiyarta zuwa mafitsarar mace gajera ce. Saboda haka zancen "a bayin wasu na ɗauko" a ajiye shi gefe.

Kunya da dogon layin asibiti su suka buɗe wa likitan intanet kasuwa. A Amurka, mace takan amsa tambayoyi a manhaja ko ta yi magana da likita ta bidiyo, ya tura takardar magani kantin da ke kusa da ita. A Ingila ma an wuce nan: tun 31 ga Janairun 2024, ƙarƙashin tsarin Pharmacy First, masanin haɗa magunguna na iya bai wa mace mai shekara 16 zuwa 64 maganin wannan ciwo ba tare da ta ga likita ba. A Najeriya kuma manhajojin ganin likita sun ƙara yaɗuwa bayan annobar korona.

To, yana aiki? Yana yi, amma ga mace baliga wadda ba ta da juna biyu, ba zazzaɓi, ba wata cuta mai tsanani. Irin wannan akan ba ta nitrofurantoin na kwana 3 zuwa 5, ko fosfomycin da ake sha sau ɗaya, cikin kwana 2 ta fara jin sauƙi.

(Gajeren kiɗa)

Sai dai likitan da ke cikin waya ba ya ganin fitsarinki, ba ya taɓa kwiɓinki. Abin da bakinki ya faɗa, shi ne awonsa. Mu kuwa mun saba zuba komai a buhu ɗaya mu ce "sanyi". Idan akwai ƙaiƙayi da fitar farin ruwa, wataƙila matsalar ba a mafitsara take ba. Idan ta saduwa aka ɗauka, maganin daban ne, kuma sai an haɗa da maigida, in ba haka ba an yi aikin banza. Yaron da ke wanka a dam ko a magudanar noman rani, irin na Tiga da Kadawa, in ya fara fitsarin jini, tsargiya za a fara zargi. Tsutsa ce ke jawo ta, maganinta praziquantel, kafso ko buhu guda aka ba shi ba zai taɓa ta ba.

Akwai kuma tambayar da manhajar da aka tsara don Turawa za ta iya wucewa da sauri, alhali a nan tana da nauyi. Mutanenmu da yawa an haife su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma nitrofurantoin na iya farfasa jinin mai wannan lalura. In kin taɓa shan magani idonki ya yi rawaya, ki faɗa tun kafin a tambaye ki.

Zazzaɓi, rawar ɗari, amai, ciwo a kwiɓi ko bayan ƙugu, waɗannan alamun ciwon ya hau ƙoda ne. A nan a ajiye waya a nufi asibiti, kada a ce maleriya ce a yi ta zama. Mai juna biyu, ƙaramin yaro, namiji, mai ciwon suga, da wadda ciwon ke yawan dawo mata, su ma sai an yi awon fitsari. Awon da ake renon ƙwayar cutar a ga maganin da ke kashe ta yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. A ganina likitan intanet da ya ce miki "wannan ya fi ƙarfin waya" ya fi cancantar kuɗinki a kan wanda ke rubuta magani ga duk wanda ya biya.

Ba don rowa ake wannan taka-tsantsan ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu sanadin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi asara. Ampiclox ɗin da ake saya guda huɗu a kemis, yawancin E. coli sun daɗe da fin ƙarfinsa. Ciprofloxacin kuwa, tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunne kada a bayar da shi a ƙaramin ciwon mafitsara muddin akwai wani zaɓi, saboda yana iya lahanta jijiyoyi.

Kafin ki biya, nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa da hukumar likitoci ta MDCN. Maganin a saye shi a kantin da ke da lasisi, a duba lambar NAFDAC, a shanye adadin kwanakin da aka rubuta. Ga masu fama da dawowar ciwon, wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya nuna matan da ba sa shan ruwa sosai, da suka ƙara lita ɗaya da rabi a kullum, yawan dawowar ya ragu da kusan rabi.

Nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)