Mas'alar Madatsar Tafkin Shan Iska Da Darajar Da A Ke Ba Ta A Amurka

 Mas'alar da na ke so mu duba yau ta ƙasar Amurka ce, kuma ta ginu a kan kalma guda wadda ta ke ruɗin masu karanta ta, har ma da mutanen ƙasar kansu.

A can suna da wata al'ada. Mutum mai hali, ko jama'ar unguwa guda, su sami ƙorama a cikin filinsu, su tara ƙasa su datse ta, ruwa ya taru ya zama tafki. Galibi abin da su ke nufi da shi kamun kifi ne da ƙugiya, da iyo, da yawo cikin kwalekwale, da shan iska da maraice. Injiniyoyin sojan ƙasar suna riƙe da wani babban kundi wanda a ke rubuta madatsun ruwa a ciki, kuma waɗanda aka rubuta sun haura 90,000. Wajen sulusi biyu nasu na masu zaman kansu ne. Wajen sulusi guda kuwa shaƙatawa ce babban dalilin gina su. Akasarinsu sun wuce shekara 50 da ginawa. Sharaɗin shiga kundin, a taƙaice, shi ne madatsa ta kai tsawon ƙafa 25, ko ta riƙe ruwan da zai rufe eka 50 zurfin ƙafa guda, ko kuwa ta zama fashewarta za ta cuci mutane ko da ƙarama ce.

To, kowace madatsa a kan ba ta daraja ɗaya daga cikin uku: mai babban haɗari, mai matsakaicin haɗari, mai ƙaramin haɗari. A nan ruɗin ya ke. Wanda ya karanta "ƙaramin haɗari" sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka an duba ginin an same shi lafiya. Wanda ya karanta "babban haɗari" sai ya zaci gobe za ta fashe. Dukansu biyu sun yi kuskuren fahimta. Wannan daraja ba ta maganar ƙarfin gini ko kaɗan. Tambayar da ta ke amsawa ita ce: in an ƙaddara ta fashe, wa ruwan zai tarar? In ana kyautata zaton rai zai salwanta, ko da na mutum guda ne, ta zama mai babban haɗari. In dukiya ce za ta lalace, kamar hanya ko gada ko wayar lantarki, ta zama matsakaiciya. In ɓarnar ba za ta wuce filin mai ita ba, ita ce ƙarama.

Misalinta kamar katanga biyu ne. Ɗaya sabuwa fil, an gina ta da tubali mai kyau, amma a gindinta 'yan koli ke baza kaya ran kasuwa. Ɗaya kuwa tsohuwa, damina ta cinye gindinta, amma a kangon da ke bayan gari ta ke, inda ko akuya ba ta kwana. A bisa wannan hisabi ta farin ce mai babban haɗari, ta biyun kuwa ƙarama, alhali ta biyun ce ke shirin faɗuwa.

Lafiyar ginin kuwa hukunci ne dabam, a wani gurbi dabam na kundin. Shi matakinsa huɗu ne, tun daga wadda aka duba aka gamsu da ita har zuwa wadda ke bukatar gyara na gaggawa. Akwai kuma wani gurbin na waɗanda ba a yanke musu hukunci ba sam, kuma ƙananan madatsun masu zaman kansu da yawa a nan su ke. Dalili kuwa, jihohi ne ke duba irin waɗannan madatsu, kowace jiha da tsarinta, ma'aikata kuma kaɗan ne, saboda haka a kan fara da masu babban haɗari. Mai ƙaramar daraja ta kan daɗe ba wanda ya leƙa ta.

Abin da ya sa hukumar ƙasar ta farka shi ne abin da ya auku a wani wuri mai suna Toccoa, cikin jihar Jojiya. Akwai wata makarantar Kirista ta horar da masu wa'azi a gindin wani dutse inda ruwa ke zubowa daga tsawon ƙafa 186. A bisa dutsen akwai madatsa mai suna Kelly Barnes, mallakar makarantar. Asalinta ƙaramin gini ne na duwatsu da aka yi a 1899 don samar da lantarki, daga baya aka riƙa jibga mata ƙasa ana ƙara tsawonta har ta kai wajen ƙafa 40. A 1957 aka daina lantarkin, tafkin ya zama wurin shaƙatawa kurum, itatuwa suka tsiro a jikin ginin suka girma. A farkon Nuwamba 1977 aka kwana ana ruwa, aka wuni ana ruwa. Ran 6 ga wata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, mutane na barci, madatsar ta fashe, ruwan ya faɗo ta bisa dutsen ya bi ta gidajen ɗalibai masu iyali. Mutum 39 suka mutu, da yawansu yara ne. Tafkin nan duka fāɗinsa bai wuce wajen eka 40 ba, watau gonar babban manomi guda.

Shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ɗan jihar ne. Ya ba da umurni a bi madatsun da ba na gwamnatin tarayya ba a duba su. Daga nan zuwa 1981 aka duba kusan 9,000, aka sami wajen sulusinsu ba su da aminci. Jihar Jojiya ita ma ta kafa dokar kula da madatsu a 1978. Kelly Barnes kuwa ba a sake gina ta ba.

Madatsar ƙasa hanya biyu ta kan mutu. Ko dai ruwa ya cika ya haura ta kanta ya zaizaye ta, wannan kuwa ya kan faru in magudanar da aka bar wa rarar ruwa ta yi ƙanƙanta ko ta toshe. Ko kuwa ruwa ya sami kafa ta cikin jikinta, ta inda saiwar itace ta ruɓe, ko bututun ƙarfe ya yi tsatsa, ko wata dabba ta haƙa rami kamar yadda gafiya ke yi wa gindin rumbu. Masana sun ce tsattsafin da ke fitowa garau abin lura ne, amma wanda ya fito da laka alama ce ruwan yana kwashe cikin ginin. Mu da muka ga Bagauda a 1988 da Alau a 2024 ba sai an yi mana dogon sharhi a kan ƙarshen wannan ba.

Saura aibu guda, wanda a ganina ya fi sauran. Daraja ana rubuta ta ne a rana guda, mutane kuwa ba su daina gini. Madatsar da aka yi a daji, bayan shekara talatin sai ka tarar gidaje sun cika kwarin da ke ƙarƙashinta, takarda kuwa tana nan da tsohuwar kalmarta. Mai madatsar shi ma ba ya marmarin a sāke ta, gama in aka ɗaga darajar sai a ɗora masa faɗaɗa magudana, da kiran injiniya a kai a kai, da tsara yadda za a kwashe mutane, duka da kuɗin aljihunsa, ga shi tafkin shan iska ba ya kawo riba. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan katangar da ta karkata zuwa hanya: in an gargaɗi mai ita gaban shaidu, ya sami halin gyara bai gyara ba, ta faɗi a kan mutum, lamuni yana kansa. Kalmar "ƙaramin haɗari" in ta tsufa ita ce ke hana mai gargaɗin zuwa.

Haka ya faru a tsibirin Kauai na jihar Hawai. Akwai wata tsohuwar madatsa mai suna Ka Loko, wadda aka gina a 1890 don ban ruwan rake, daga baya ta koma hannun wani attajiri. A takarda mai ƙaramin haɗari ce, ma'aikatan jiha kuwa ba su duba ta ba. Ran 14 ga Maris 2006, bayan makonni ana ruwa, ta fashe da asuba ta kashe mutum 7, har da mace mai ciki. Da aka bincika sai aka tarar an cike magudanarta da ƙasa. Shari'a ta ja har 2014, sa'an nan aka yanke wa mai ita ɗaurin wata 7.