Tayi da Sallama: Yadda Gwamnati Ke Cin Bashi a Kasuwar Kuɗi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan karin magana bai bar gwamnatoci ba, domin kuwa duk shekarar da kuɗin shiga ya gaza abin da aka tsara kashewa, tilas a nemo rance a cike giɓin. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana yadda gwamnatin Nijeriya ke cin bashi a cikin gida, tare da nuna cewa hanyar da take bi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe.

Tayi a Kasuwar Bahaushe

A kasuwar dabbobi, sau da yawa mai saye ne ke fara yanka kuɗi. Idan ya taya, sai mai kaya ya ce "albarka" in tayin bai yi masa ba, ko kuwa ya sallama. Turawa ma sun gwada wannan dabara. A shekarar 1998 kamfanin Priceline na Amurka ya fara sayar da tikitin jirgin sama ta intanet, inda matafiyi ke faɗin abin da zai iya biya, kamfanonin jiragen kuma su karɓa ko su ƙi. Ta haka suka riƙa sayar da kujerun da suka yi kwantai ba tare da sun karya farashinsu a bainar jama'a ba. Kamfanin ya daina wannan tsari ga tikitin jirgi a 2016.

Gwanjon Takardun Baitulmali

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, kuma a 1960 aka fitar da takardun baitulmali na farko. Takardar baitulmali alkawari ce ta gwamnati cewa za ta biya wani adadi bayan kwana 91, ko 182, ko 364. Ana sayar da ita ƙasa da kuɗin da ke jikinta, ratar da ke tsakani kuwa ita ce ribar mai saye.

Mu ɗauki misali. A ce takarda ta naira 100,000 ce, ta kwana 364. Wani banki ya taya ta 88,000, wani 85,000, wani kuma 80,000. Gwamnati za ta fara sallama wa mai tayi mafi tsoka, ta gangaro har ta tara abin da take nema, sauran kuwa a ce musu albarka. Ke nan, idan masu kuɗi suka yi rububin takardun, gwamnati ta ci bashi da sauƙi. Idan kuwa suna tsoron hauhawar farashin kaya ko faɗuwar darajar naira, sai su taya da arha, kuɗin ruwa ya hau.

Abin da Ya Shafi Talaka

Ɗan kasuwa da manomi da gwamnati duk rijiya ɗaya suke ɗiba. Banki ya san gwamnati na da haraji a bayanta, saboda haka muddin takardunta na ba da riba mai kauri, ba zai bai wa mai masaƙa ko mai injin niƙa rance ba sai da ruwan da ya fi wannan. Haka kuma duk nairar da aka biya ruwan bashi da ita, an hana ta zuwa makaranta ko asibiti.

Bashin waje ma ya bar mana darasi. A 1978 Nijeriya ta ciwo dala biliyan 1 daga bankunan ƙetare. Da farashin man fetur ya faɗi, biya ya yi nauyi, har aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2000 aka kafa Ofishin Kula da Basussuka, sannan a 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe dala biliyan 18, bisa sharaɗin Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa cin bashi shi kansa ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne farashin da aka sallama da kuma inda aka zuba kuɗin. Sukuk na naira biliyan 100 da aka fitar a 2017, alal misali, an ɗaure shi ne da gina hanyoyi. Ya rage gare mu ɗaliban harshe mu samar wa waɗannan al'amura kalmomin da mai taya rago a kasuwa zai gane, tunda da harajinsa za a biya.