Gajiyar Biki: Yadda Zumunci Ke Cin Ranakun Kasuwa A Jazira

A shekarar 2019 wani fim na ƙasar Sudan da Amjad Abu Alala ya shirya, wanda labarinsa ya faru a wani ƙauye na Jazira, ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Benis a Italiya, daga nan aka yi ta yawo da shi biki bayan biki. Masu zuwa irin waɗannan bukukuwa kan ce kallon fim ba ya gajiyar da su kamar liyafar dare, inda mutum zai yi sa'o'i a tsaye yana murmushi da gaisawa da waɗanda bai sani ba, don kuwa a nan ake haɗuwa da masu zuba kuɗi. Ɗan kasuwar Mai Wurno bai taɓa zuwa Benis ba, amma wannan gajiya ba baƙuwarsa ba ce.

Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin kogi kudu da Sinnar, dangi suka yi ta bazuwa. Noman auduga na Jazira da aka buɗe a 1925 ya ƙara jawo wasu. Don haka mutum guda sai ka tarar yana da kawu a Wad Madani, gwaggo a Sinja, surukai a Damazin ko Gadarif, kuma kowane gida yana da haƙƙin ganin ƙafarsa.

Matsalar ita ce lokaci. Aure kan yawaita bayan an yanke riɗi da dawa, sa'ad da kuɗi ya shigo hannun manoma, wato daidai lokacin da mai kai kaya Gallabat ko Kurmuk a kan iyakar Habasha yake sa ran fitar da ribar shekara. Bikin kuma ba na wuni ɗaya ba ne: ga daren lalle, ga ɗaurin aure, ga walima, ga kai amarya. In rasuwa ce, a kafa rumfa a yi zaman makoki kwana uku, ana shan shayi da jabana, duk wanda ya shigo a ɗaga hannu a yi Fatiha. Sannan a zagayo da takardar gudummawa, wadda Larabawan Sudan ke kira kashif, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Shago a rufe, kuɗin mota daga cikin jari. Mata ma ba a magana, su ne tun asuba a bakin wuta suna toya kisra.

To me ya hana mutum ya yi zamansa? Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake, a kasuwar iyaka kuwa bashi ma a ƙafa yake. Yawancin kaya a kan amana ake ɗauka, ba takarda ba shaida, kuma dillalin da bai gan ka a ta'aziyyar mahaifiyarsa ba zai tuna ranar da ka zo neman buhu ashirin sai an sayar. Haka nan a rikicin 2022 na jihar Bulu Nayil, da dubban Hausawa suka bar gidajensu, da yawa gidajen dangin da suka saba kai wa gaisuwa ne suka karɓe su.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara nauyin. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disamban 2023, ba ta dawo ba sai Janairun 2025, kuma wanda ya koma gida ya tarar da bashin ta'aziyya gida gida. Matasa sun samo dabara: a tura gudummawa ta Bankak, a aika saƙon murya ta WhatsApp, ko 'yan'uwa su raba, wani ya tsare shago wani ya tafi. Dattawa kan karɓi kuɗin su sa albarka, sannan su tambaya ko motar Sinnar ta daina tashi ne.