Sitiyari Mai Sauƙi Ko Mai Nauyi: Wanne Ya Dace Da Hanyoyin Kadawa?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kankama a Kadawa, Kura da Bunkure. Da an shiga kakar tumatir sai ka ga motoci jere a bakin gonaki suna jiran kwanduna, wasu su nufi kasuwar Kwanar Gafan, wasu kuwa sai Kudu. A wurin jiran lodin nan direbobi sukan yi gardama a kan sitiyari, watau mai sauƙi ya fi ko mai nauyi.

Tsofaffin hannu, waɗanda suka koyi tuƙi da akori-kura ko Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975, suna bayan mai nauyi. Hujjarsu ita ce hannu yana jin abin da taya take takawa, ko burji ne, ko laka, ko kwalta. Samari kuwa sun fi son mai sauƙi, domin juya mota a ƙuntatacciyar hanyar gefen magudanar ruwa ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga wanda ya yini yana yi.

To, daga ina sauƙin nan yake fitowa? A 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da mota mai famfon da ke tura mai ya taimaka wa direba, inji ne kuma ke juya famfon da bel. A 1988 Suzuki na Japan ya fito da mai aiki da lantarki, wanda yawancin sababbin ƙananan motoci ke amfani da shi yanzu. Wannan yana rage shan mai, yana kuma ba da taimako sosai in ana tafiya sannu, ya rage in an ɗauki gudu. Ke nan masu ƙera mota sun ga gaskiyar kowane ɓangare.

Amma fa akwai sauƙin da ba na alheri ba ne. In aka labta wa akori-kura kwanduna har suka zarce tayoyin baya, gaban motar yakan ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwaf. Haka kuma yake yi in taya ta hau laka mai santsi. Direban da ya ji haka, lalle ya sassauta, domin a gefen magudana kuskuren taku ɗaya ya isa.

Nauyin da ya zo farat ɗaya shi ma gargaɗi ne: ko iskar tayar gaba ta ragu, ko man sitiyari ya tsiyaye, ko bel ya tsinke. Masu kashe inji a gangara don tattalin mai su sani, da inji ya mutu famfo ya tsaya, sitiyari ya ƙage a lokacin da aka fi bukatarsa.

Saboda haka, mai karatu, ko ma'aikaci ne kai mai shirin sayen mota, ko ɗalibi mai koyon tuƙi, zaɓi wanda ya yi daidai da hannunka da hanyarka. Abin lura shi ne ka san yadda sitiyarinka ya saba, ran da ya sake kuwa, ka tsaya ka duba kafin ka ci gaba.