Tulu da Ƙwarya

Mai karatu, ka san batir. Kamar tulu yake: yana ɗaukar lantarki da yawa, amma cika shi sai da haƙuri.

Akwai wani ma'ajin lantarki, sunansa kondansater. Shi kamar ƙwarya yake: nan da nan ya cika, nan da nan ya juye. Yana daɗewa bai lalace ba, amma abin da yake ɗauka kaɗan ne.

A shekarar 2006, birnin Shangai na ƙasar Sin ya fara aiki da motocin bas masu kondansater. Mota takan sha lantarki a tasha, lokacin da mutane suke shiga. Amma ba ta yin nisa sai ta sake sha.

Ka gani, dole maƙerin mota ya zaɓa: saurin cika, ko nisan tafiya?