Wasa Haƙoran Injin Yankan Itace a Ƙasar Kazaure

Bahaushe ya daɗe da sanin wasa ƙarfe. Manomin Achilafiya ko na Gwiwa in gatarinsa ya dakushe sai ya nufi dutsen wasa, ko ya kai wa maƙeri. To amma injin yankan itace ya zo da wani hali dabam, domin kaifinsa ba a baki ɗaya yake ba, a rarrabe yake cikin haƙora masu yawa da ke jere a jikin sarƙa.

Irin wannan haƙori mai lanƙwasa wani Ba'amurke ne, Joseph Cox, ya ƙago shi, aka fara ƙera shi a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar icce ke gaigayar kututture. Saboda lanƙwasar nan ne ba a wasa shi sai da magagari mai jiki kamar fensir. Kaurin magagarin kuwa tilas ya dace da sarƙar: milimita 4 ga ƙanana, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya. Akan kashe injin, a danne shi kada ya motsa, sa'an nan a ɗora magagarin a karkace kimanin digiri 30, a tura shi daga cikin haƙori zuwa waje. Turawa kaɗai ke ci. Jawowa baya lalata magagarin take yi. Kowane haƙori a yi masa shafa daidai da na ɗan'uwansa, in ba haka ba yanka zai riƙa gocewa gefe guda.

Inda akasarin masu injin ke kuskure shi ne ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, watau mai ƙayyade zurfin cizo. Wasa yana rage tsayin haƙori, saboda haka dole a riƙa rage tudun da shimfiɗaɗɗen magagari, ya kasance ƙasa da bakin haƙorin da kamar milimita 0.65. In ya yi tsawo, sarƙa ba ta ci; in an zarce, injin ya riƙa fizga, har ya iya zaburowa ya sari mai shi.

Kalmar jigawa kanta ƙasa mai rairayi take nufi, rairayi kuwa shi ne babban abokin gabar kaifi. Ƙurar hunturu kan maƙale a ɓawon darbejiya da marke, sarƙa kuma in ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta dakushe. Alamar ba ta ɓuya: maimakon ɓarɓashi mai kauri, sai injin ya koma zubar da gari kamar na tuwo.